Yadda ake haɗa keken fiksi a Jidda ba tare da an cutar da gwiwa ba

A ranakun Juma'a da Asabar, idan an idar da sallar Asuba, akwai wasunmu Hausawan Jidda da ke haɗuwa da kekunanmu a bakin teku, mu bi Kornish, wato titin bakin teku, mu yi arewa kafin rana ta ɗaga, sannan mu dawo mu zauna shan shayi. Hirar wurin shayin nan ba ta cika wuce abu biyu ba. Ko dai ana gardama a kan yawan haƙoran giya, ko kuma wani yana kukan gwiwa, wani yana kukan baya, wani kuma ya sassauta murya ya tambaya ko sirdi yana tayar da basir. Na daɗe ina saurare kafin na fahimci cewa maganar guda ce, domin a keken fiksi ƙafar mutum ita ce giya, ita ce kuma rabin birki, saboda haka duk kuskuren da aka yi da sufana a jikin ƙarfe, a jikin mahayi yake fitowa.

Ga wanda bai san shi ba, fiksi keke ne da ƙaramin faifansa na baya yake ɗaure da cibiyar wili, babu firiwil a tsakaninsu. Muddin taya tana juyawa, feda ma tana juyawa, kuma babu damar a saki ƙafa a huta kamar yadda muka saba a kekunan gida. Asalinsa na filin tseren kekuna ne, daga baya masu kai saƙo a manyan biranen Amurka suka fito da shi kan titi, matasa kuma suka ɗauka. Yana da sauƙin gyara, ba shi da tarkace, kuma Jidda gari ne shimfiɗaɗɗe da ya dace da shi. Wanda yake zaune a Makka, inda hawa da gangara suka yi yawa, ya kamata ya yi tunani sosai kafin ya shiga wannan harka, hanyar Hada ta zuwa Ɗa'if kuwa ba ta fiksi ba ce sam.

Mataki na farko: a duba bodi kafin a sayi komai

Ko sabon keke za a saya ko tsoho za a mayar fiksi, abin da ake fara dubawa shi ne bakin da wilin baya yake shiga. Ana buƙatar bakin ya zama doguwar tsaga a kwance, yadda za a iya jan wili gaba ko baya don a daidaita sarƙa. Bodin da bakinsa yake kallon ƙasa, irin na yawancin kekunan giya na zamani, ba ya ba da wannan dama, kuma abin da ake ɗaurawa don jan sarƙa a keke mai firiwil ba ya jure fiksi, domin da zarar an danne feda ta baya zai lanƙwashe ko ya karye. Sai a auna faɗin bayan: cibiyar wilin fiksi milimita 120 ce, alhali bodin keken titi yakan kasance 126 ko 130, don haka sai an cike giɓin da washa, wato siraran zobban ƙarfe, a kowane gefe daidai wa daida. A tsohon bodin ƙarfe a duba tsatsa da kyau, musamman a mahaɗa da ƙarƙashin gindin feda, saboda iskar teku mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe a garin nan. Girman bodi kuwa a gwada shi da jiki: idan mutum ya tsaya da sandar sama tsakanin ƙafafunsa, ya kamata a sami ɗan sarari.

Mataki na biyu: zaɓen haƙora

A nan ne gardama ta fi zafi, a nan ne kuma aka fi cutar da gwiwa. Lissafin ba shi da wuya. A raba haƙoran faifan gaba da na faifan baya, abin da ya fito shi ne sau nawa taya za ta juya idan feda ta zagaya sau ɗaya. Taya mai lamba 700, irin ta keken titi, mai faɗin milimita 28 tana cin ƙasa kimanin mita 2.13 a kowane juyi. Idan gaba 48 ne baya 15, zagaye ɗaya zai tura keke kusan mita 6.8. Idan gaba 46 ne baya 17, zai tura shi kimanin mita 5.8. Tazarar mita ɗaya ce kacal a takarda, amma a ƙafa tana da nauyi ƙwarai, domin duk lokacin da aka tsaya a danja aka sake tashi, gwiwa ce take ɗaga wannan nauyi daga tsaye, kuma duk lokacin da aka rage gudu ita ce take tare shi.

Samari suna son babbar giya saboda tana ba da gudu idan hanya ta buɗe, kuma akwai jin kai a faɗin cewa mutum yana taka 48 da 15. Ra'ayina, wanda na sha faɗa a wurin shayi, shi ne mai farawa ya tsaya a 46 da 17 ko 44 da 17. Da 46 da 17, idan ƙafa tana zagayawa sau 80 a minti, keke yana gudun kusan kilomita 28 a awa, wanda ya ishi kowa a cikin gari. Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da mu: iskar Jidda ta fi kaɗawa daga arewa, don haka mai bin Kornish zuwa wajen Abhur, a arewacin gari, yakan sha gaba da iska a tafiya, giyar da ta yi daɗi a dawowa kuwa ita ce za ta gallabe shi a zuwa. A zaɓi giya don sashen hanyar da ya fi wuya.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne alaƙar haƙora da cin taya. Mai tsayar da keke ta hanyar ƙame ƙafa har taya ta ja ƙasa, kusan a wuri ɗaya fedarsa take tsayawa kullum. Idan gaba 48 ne baya 16, lissafin yana fita uku cif, ma'ana wuri ɗaya ne tak a jikin taya zai riƙa gogar kwalta har ya ɓule. Da 46 da 16 wuraren takwas ne, da faifai mai haƙora 17 kuwa sun kai 17, sai taya ta ci a ko'ina daidai. Wannan ma wani dalili ne na fifita 17.

Mataki na uku: ɗaura faifan baya da sarƙa

Cibiyar wilin fiksi tana da matakin zare biyu. Na ciki, mai faɗi, na faifai ne, kuma ana ɗaure shi ta dama kamar kowane noti. Na waje, wanda ya fi ƙanƙanta kaɗan, na zoben kulle ne, shi kuma ta hagu ake ɗaure shi. Hikimar ita ce idan aka danne feda ta baya faifai ya nemi kwancewa, sai ya ƙara matse zoben. A shafa giris a zaren duka biyu, a fara juya faifai da hannu don kada ya hau a karkace, sannan a matse shi sosai da sufana mai sarƙa, a biyo da zoben kulle da tasa sufanar mai ƙugiya. Kada a yarda a buga zoben da guduma da kurfi, domin zaren alminiyon ne kuma ba ya ɗaukar duka. Bayan hawan farko, wanda a ciki ƙarfin ƙafa zai ƙara matse faifan, a sake ɗaure zoben, saboda a lokacin ne ɗan giɓi yake buɗewa. Masu ɗaura faifai a cibiyar firiwil ta gama-gari, babu zoben kulle sai gam, suna wasa da ransu ne, kuma ban taɓa yarda na taimaka wa kowa ya yi haka ba.

Sarƙa iri biyu ce, mai faɗin 1/8 na inci da mai 3/32. Mai faɗin tana hawa siririn faifai, amma siririyar ba ta hawa faifai mai kauri, don haka a sayi kaya masu dacewa da juna. Dole faifan gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, wanda a yawancin kekunan fiksi yake milimita 42 daga tsakiyar bodi. Idan aka tsuguna a bayan keke aka hango sarƙa tana karkata, to akwai gyara. Wajen ja kuwa, a ja wili baya, a ɗaure notin hagu da na dama kaɗan-kaɗan da sufana mai lamba 15, ana lura taya ta zauna a tsakiya. Sai a juya feda a hankali a nemo inda sarƙa ta fi tsauri, domin babu faifan da yake zagaye sarai, a wurin nan ne ake so ta iya motsawa sama da ƙasa kimanin santimita ɗaya. Idan ta yi tsauri tana cinye boris, idan ta yi sako-sako tana iya zamewa ana cikin gudu, wanda a fiksi yana iya ƙame wilin baya nan take.

Akwai gargaɗin da nake so a riƙe da hannu biyu. Kada a taɓa goge sarƙa da tsumma alhali wili yana juyawa, domin nauyin wilin ba ya tsayawa idan yatsa ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori, kuma mutane sun rasa kan yatsa ta wannan hanya. Haka nan a hana yara wasa da feda idan an kifa keke a tsakar gida.

Mataki na huɗu: birki, feda da sutura

A sa birkin gaba. Na san akwai masu ganin cewa birki yana ɓata kyan fiksi, amma idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, saboda haka tayar gaba ce take da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, ƙame ta baya kuwa ja kawai take yi a kan kwalta, balle kwaltar da yashi ya rufe. Duk wanda ya san yadda mota take fitowa daga lungu a unguwar Hindawiyya ko ta Sabil ya san cewa ba a nan ake gwada ƙwarewa ba. Ban da haka, kowace tsayawa da aka yi da birki an ɗauke wa gwiwa aiki ne. Idan cibiyar wili mai fuska biyu ce, fiksi a gefe ɗaya firiwil a ɗaya gefen, to duk ranar da aka juya zuwa firiwil dole a sami birki biyu.

Feda tana buƙatar maɗauri, ko na ɗamara ko na takalmi mai maƙalewa, domin idan ƙafa ta zame ana gudu feda ba za ta jira ba, za ta zagayo ta doki ƙwauri. A tuna cewa fedar hagu ta hagu ake ɗaure ta. Hannun feda mai tsawon milimita 165 ya fi dacewa, saboda a kwana ba a iya tsayar da feda a sama, doguwa kuwa tana iya taɓa ƙasa ta ɗaga wilin baya. Gajeren hannu yana kuma rage yadda gwiwa take lanƙwashewa a sama.

Sutura ma tana cikin haɗin keke a wurinmu. Jallabiya da wando mai faɗin ƙafa da igiyar takalmi, duk abin da sarƙar fiksi ta kama ba ta sakinsa, sai dai ta naɗe shi ta jawo mai shi ƙasa. Wanda zai je masallaci ko bakala, wato kantin unguwa, da keke ya naɗe ƙafar wandon dama ko ya ɗaure ta, ya cusa igiyar takalmi ciki. Hular kwano da fitila gaba da baya ba abin tattaunawa ba ne, tun da yawancin hawanmu da duku-duku ne ko da dare.

Mataki na biyar: sirdi da kan keke

Wani dattijo da muke hawa tare, wanda ya haura shekara hamsin, ya taɓa cewa zai ajiye keke saboda gwiwarsa. Na ce masa, "Baba, ku bari mu auna sirdin nan tukuna kafin ku yanke shawara." Da muka auna sai muka tarar ya yi ƙasa da kusan santimita uku, domin ya saba da keken gida inda ake son ƙafa ta taɓa ƙasa ana zaune. Muka ɗaga shi a hankali cikin makonni, muka sauya faifan bayansa daga 15 zuwa 17, kuma har yau yana fitowa.

Ga yadda ake awon. A tsaya babu takalmi a jingina da bango, a matse littafi tsakanin cinyoyi kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ninka abin da aka samu da 0.883, sakamakon shi ne tazarar da za a bari daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Mai santimita 82 zai sami kimanin 72.4. Wannan mafari ne kawai. A tabbatar da shi ta hanyar zama a sirdi a ɗora diddige a feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba, yadda idan aka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Jiki kuma yana ba da labari. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne ko giya ta yi nauyi, ciwo a bayan gwiwa ko ƙugu yana rangaji alamar ya yi sama ne. A riƙa sauyawa da milimita uku zuwa biyar, a yi hawa biyu ko uku kafin a sake taɓawa, a kuma sa alama da tef a jikin sandar.

Sirdi ya kwanta daidai, kada hancinsa ya ɗaga. Idan ana jin dindiris ko mutuwar jiki a gaba bayan hawa, to nauyi yana kan jijiyoyi da hanyoyin jini ne maimakon ƙasusuwan zama biyu, kuma wannan ba abin jin kunyar faɗa ba ne, ba kuma abin daurewa ba ne. A nemi sirdin da faɗinsa ya dace da ƙasusuwan, mai tsaga a tsakiya idan da hali, a kuma riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci, domin mai fiksi ya fi kowa daɗewa a zaune. Sirdi mai laushi sosai yakan fi cutarwa a doguwar tafiya, saboda yana nutsewa ya danne inda bai kamata ba. Game da basir, abin da ya fi jawo shi shi ne taurin bayan gida da yunƙuri da daɗewa a ban ɗaki, amma sirdi da gumi suna iya fama wanda yake akwai, don haka idan ya tashi a huta, a yawaita ruwa da ganye. Jini a bayan gida kuwa likita ake kai wa, kada a yanke masa hukunci a wurin shayi.

Kan keke idan ya yi ƙasa da yawa ko ya yi nisa, wuya da ƙasan baya ne suke biya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuma su riƙa mutuwa saboda an danne jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu. Mai farawa ya bar kai kusan daidai da sirdi, ya sassauta gwiwar hannu, ya riƙa sauya riƙo, ya sa safar hannu mai ɗan kauri.

Mataki na shida: makonnin farko

A fara a fili ko wurin ajiye motoci da babu kowa. Abin da ake koya da farko shi ne kada a daina taka feda, domin ƙafa za ta manta ta tsaya, keke kuma zai ɗaga mutum daga sirdi. Sai a koyi sa ƙafa a maɗauri feda tana tafiya, a koyi rage gudu da birki ana taimakawa da ƙafa kaɗan. Minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, ya isa a farko, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, saboda tsoka tana saurin sabawa amma jijiyoyin gwiwa suna ɗaukar lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma hawa biyar na rabin awa ya cika wannan.

Mataki na bakwai: zafi, ruwa da masu lalura

Ba banza ba hukuma take hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Zafin Jidda da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa da sauri, shi ya sa lokacin hawa a bazara shi ne bayan Asuba ko bayan Isha'i. A sha ruwa kafin a fita, a riƙa kurɓa a hanya ba sai ƙishi ya kama ba, a lura da launin fitsari, idan ya yi duhu to ruwa ya yi ƙaranci. Idan tafiya ta wuce awa ɗaya ana zubar da gishiri ma, don haka a haɗa da ruwan gishiri da sukari na sidaliyya, wato kantin magani, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri da tashin zuciya da ciwon kai alama ce ta a sauka a nemi inuwa. Idan abokin tafiya ya fara ruɗewa ko maganarsa ta sauya, a zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a kira motar asibiti ta 997 ba tare da jira ba.

Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin, ya auna kafin ya fita, ya riƙe dabino a aljihu, idan ya ji karkarwa da gumi mai sanyi ko awon suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ya tsaya ya ci, kuma ya sanar da abokan hawa halin da yake ciki. Mai hawan jini keke yana amfanarsa, amma babbar giya da ake turawa ana riƙe numfashi ba ta dace da shi ba. Mai sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a cikin jama'armu, ya tuntuɓi likitansa tun kafin ya fara, domin ƙarancin ruwa da wahala mai tsanani suna tayar da ciwon. Ciwon ƙirji ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin da ake yi ba a cewa bari a ƙarasa gida, sauka ake yi a nemi taimako. Don tambayar da ba ta gaggawa ba akwai layin Ma'aikatar Lafiya na 937. A watan azumi kuwa, bayan Tarawihi ne lokacin da ya fi aminci, wanda ya ga dole ya hau da rana ya taƙaita shi zuwa ɗan zagaye marar wahala gab da Magariba.

Kulawar mako-mako

Ƙura da gishirin teku su ne abokan gabar sarƙa a nan. A goge ta keke yana tsaye cik, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a share ragowar don kada ya tara yashi. Kafin kowace fita a taɓa sarƙa a ji jan ta, a matsa birki, a gwada notocin wili, a duba iskar taya bisa adadin da aka rubuta a gefenta. Yawancin tayoyin fiksi siririn bakin iska gare su, wanda famfon masu banshar, wato masu facin taya, ba ya kamawa, saboda haka a ajiye ɗan mahaɗin bakin a jaka tare da tiyub ɗaya, ƙaramin famfo da sufana mai lamba 15, domin ba a cire wilin fiksi sai da ita.